Dokar Dandaƙa da Hannun Roscoe

Duk garin Ansel babu wanda bai san Roscoe Tatro ba, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne mai tumbi, da wata jar hula mai kunnuwa wadda ba ya cirewa sai a coci, can ɗin ma sai matarsa Nadine ta zungure shi da gwiwar hannu. Sana'arsa gyaran injin yankan ciyawa. Amma in ka zauna kusa da shi a kantin bakin gada, inda dattawa ke shan kofi da safe, sai ka rantse shi ya haƙa kogin da hannunsa. Shi ne ya kashe gobarar gidan katako kafin 'yan kwana-kwana su gama ɗaura takalma. Shi ne ya koya wa likitan dabbobi yadda ake riƙe allura. Tsoro kuwa, in ji shi, labarinsa kawai yake ji a bakin mutane.

Duk wannan cika-bakin wasa ne in aka zo kan karensa, Janar. Jan kare ne mai dogayen kunnuwa, na hagun fari fat kamar an tsoma shi a madara. Yana da wani irin kuka da yake ja, ya ja, ya ja, sai can ƙarshe ya tsinke masa da shaƙuwa. Roscoe ya ce karen ya taɓa korar kyarkeci har iyakar Kanada. Nadine, wadda ta ga abin ta taga, ta ce baƙar ledar shara ce iska ta kwaso, kuma ledar ce ta kori Janar. Burin Roscoe a duniya guda ɗaya ne: ya samo wa Janar karya mai asali, su haifi zuri'ar da za a riƙa tasowa daga wasu jihohi ana bin layi a ƙofar gidansa. Shekara da shekaru yana nema bai ga wadda ta isa ba. Ya ce ba gaggawa, don shi Janar ba ya ko ɗaga ido ya kalli karnukan unguwa, yana jiran daidai da shi ne.

Ana nan, taron gari na shekara ya matso, wanda muke yi a farkon Maris mu yanke komai da ɗaga hannu, tun daga gyaran gada har wanda zai share maƙabarta. Sai Misis Eunice Colby ta kawo nata zancen. Tsohuwar malamar makaranta ce, rabin garin ta hannunta suka bi, yanzu kuma ta mai da rumbun bayan gidanta masaukin ɓatattun karnuka da kyanwoyi. Ta ce ta gaji da tashi da safe ta tarar da kwalin 'yan kwikwiyo a bakin ƙofarta. Don haka tana so a kafa doka: duk kare da muzuru a garin dole a dandaƙe shi, mata kuma a cire musu mahaifa.

Kowa ya san dokar ba za ta kai ko'ina ba. Mu mutanen Ansel, ka roƙe mu riga mu cire mu ba ka, amma ka ce mana dole, to ka gama da mu. Fitilar kan titi guda ɗaya da muke da ita sai da muka yi shekaru muna ƙin ta, don kawai wani ya ce wajibi ce. Ita kanta Misis Eunice ta san haka, tana so ne dai a ji kukanta.

Lyle Gokey, mai garken shanun madara a bayan gari, shi ya kawo labarin kanti. Ya ce shi ma ba zai yarda a taɓa karyarsa ta kiwo ba, amma a ƙyale zancen, zai mutu da kansa kafin a zuba abincin rana a wurin taron. Roscoe ya dire kofinsa har kofi ya fallatsa wa mai kanti a riga. Ya ce haka ake cin mutane da yaƙi, suna zaune suna hamma. Yau Janar, gobe kuma wa ya sani? Ya ce a bar masa wannan aikin, zai bi gida-gida da Janar a hannu, kowa ya ga yadda cikakken kare mai tarbiyya yake, kuma in Eunice ta sami hannu ko guda ban da nata, a canja masa suna.

"Roscoe, an riga an ci wannan yaƙin," in ji Lyle. "Je ka gida ka kwanta."

"Wa ya ci? Ni ban ma fito ba tukuna."

A gida Nadine ta saurare shi tana fere dankali. Ta ce in dai dole sai ya je, to ya tafi shi kaɗai ya bar karen. Ya ce ita ba ta san siyasa ba, mutane da ido suke zaɓe. Ta ce ai abin da take tsoro ke nan. Ya ɗaura wa Janar jan ƙyalle a wuya, ya saka kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda maɓallinta da kafarsa suka daɗe da rabuwa, suka kama hanya.

Lokacin narkewar ƙanƙara ne, duk hanyoyin garin sun zama taɓo. Gonar Lyle suka fara zuwa, wai a fara da na gida. Tun daga nesa Janar ya miƙe kunne. Bai bi ta ƙofar shinge ba, sai ya ja Roscoe gefe, ya bi bayan tarin itace, ya kai su daidai wani rami a ƙarƙashin waya, ya shige sumul. Roscoe, da igiya naɗe a wuyan hannu, ya bi bayansa da ciki. Ramin daidai Janar aka haƙa shi, ba a yi da tumbi ba. Roscoe ya maƙale rabi ciki rabi waje, kwat ta tsage tun daga wuya har ƙugu. Da ya fizgo kansa sai ya faɗa kan itacen da ake tatsar ruwan sukari a jikinsa, bokitin da aka rataya don tarar ruwan ya juye masa a ka.

Lyle ya fito daga wajen tatsa yana goge hannu. Karyarsa ta rugo da gudu, ta zagaye Janar tana kaɗa wutsiya tana lasar fuskarsa, irin tarbar da ake yi wa maigida in ya dawo daga tafiya. Bayanta kuma ga wasu 'yan kwikwiyo suna tuntuɓe da kunnuwansu, jajaye, kowanne da farin kunnen hagu. Tun kaka Lyle yake tambayar kansa wane ɗan iska ne ya ɓata masa irin karnukan kiwonsa. Ya dubi 'yan kwikwiyon, ya dubi Janar, ya sake duban ramin shinge.

Roscoe ya tashi yana ɗiga, ya yi masa jawabi a kan 'yancin ɗan ƙasa. Ya nuna yadda Janar ya gano rami a shingen da mai gonar ma bai san da shi ba, ya ce wannan shi ake kira hanci, kuma dandaƙaƙƙen kare ba zai taɓa iyawa ba. Lyle ya ce lallai ya ga hanci. A hanyar dawowa Roscoe ya gaya wa Janar cewa sun bar mutumin baki buɗe.

Haka aka yi ta yi. Duk gidan da suka nufa, Janar ne ke gaba, kuma bai taɓa bi ta ƙofa ba. Ya san katakon da ya saki a dangar ma'aikaciyar gidan waya. Ya san tagar ƙasa da ba ta rufuwa a gidan mai gyaran famfo. Shi dai da ma da asuba yake zagayensa, lokacin Roscoe na minshari, ya dawo ya kwanta a bakin murhu kafin a ɗora ruwan kofi, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganinsa. Yanzu ga shi ubangidansa da kansa ya ɗauko shi da rana tsaka yana nuna wa kowa. A kowane gida sai a yi shiru, a dubi kunnen nan, a waiwaya a dubi kwandon 'yan kwikwiyo da ke bayan kicin. Roscoe kuwa yana ɗaukar shirun nan a matsayin girmamawa.

Gidan fasto ne abin ya fi muni. Matar fasto tana da wata 'yar farar karya mai gashi buzu-buzu, wadda take yi wa wanka da sabulu mai ƙamshi, ba ta barin ta taka ƙasa. Da hunturu karyar ta haifi abin da matar ta ƙi nuna wa kowa. Aka shigar da Roscoe falo, aka ba shi shayi da biskit. Yana cikin bayanin kamun kai irin na Janar, sai Janar ya ɗaga ƙafa ya tsula fitsari a kan tukunyar furen da ke kusa da piyano. Fasto ya miƙe zai kore shi, Janar ya rungume ƙafar fasto da hannu biyu-biyu ya ƙi saki. Fasto yana jan ƙafa yana kiran sunan Ubangiji, matarsa tana dukan karen da matashin kujera, Roscoe yana cewa kada su damu, gaisuwa ce, ba kowa yake yi wa haka ba. Ta ƙofar baya aka fitar da su, aka wurgo masa hularsa.

Da yamma Nadine ta tarye shi da labarin cewa wayar gidan ba ta huta ba. Ta ce ya shiga gidajen mutanen da ke bayansa ya fito ya bar maƙiya. Ya ce hassada ce, kuma gobe zai fito da babban makami.

Babban makamin lasifika ce da ya aro daga wajen masu gwanjon shanu. Ya ɗaure ta a kan a-kori-kurarsa, ya naɗi kukan Janar a kaset, ya ce wannan ita ce muryar 'yanci, a ji ta kafin a kashe ta. Ya hau babban titi da hantsi ya saki kaset. Kukan ya tashi, ya ja, ya ja, ya tsinke da shaƙuwa. Sai daga bayan gidan waya wata 'yar siririyar murya ta amsa, ta ja, ta tsinke da shaƙuwa. Wata ta amsa daga gidan mai famfo, wata daga saman benen fasto. Daga rumbun Misis Eunice kuwa sai ka ce ƙungiyar mawaƙan coci ce ta tashi. Mutane suka fito ƙofar gida da cokula a hannu suna saurare. Wanda da yake zaton shi kaɗai abin ya shafa, ranar ya gane yana da dangi a kowane lungu.

Roscoe ya leƙo ta taga yana ɗaga musu hannu, bai ga inda titi ya ƙare taɓo ya fara ba. Motar ta nutse har gindin ƙofa a gaban makaranta. Ya danna maɓallin kashe kaset, maɓallin ya shige ciki ya ƙi fitowa. Haka muryar 'yanci ta yi ta tashi, garin yana amsawa, yara sun cika tagogin aji, har Lyle ya zo da tarakta. Ya ɗaura sarƙa ya ja, bamba, ƙarfen nan na gaban mota, ta ɓalle ta biyo shi, mota ta zauna inda take. Lyle ya sauko ya miƙa wa Roscoe bambarsa, ya ce sai sun haɗu a taro.

Ranar taro zauren makaranta ya cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da zuwa tun ana rigimar fitilar titi. A bayan zaure an jera teburan abinci kamar kullum, kowace mace da abin da ta kawo, wake da zuma, dankali, burodin masara. A tsakiyarsu ga gasasshen talotalon Nadine a kan babban faranti. Wannan talotalon shi ne mutuncin Nadine a garin nan. Tun jiya take fama da shi, kuma akwai mutanen da ba don shi ba, da ba za su zo taron ba sam.

Tsoho Harlan Bixby ne shugaban taro, kamar yadda yake tun kafin wasunmu su yi haƙori. Ba ya dariya, ba ya gaggawa, kuma ƙa'idarsa ba ta lanƙwasuwa: in ya fara ƙirga hannu ba mai motsawa daga inda yake, kuma duk hannun da ya gani a sama ƙuri'a ne. An taɓa ƙirga wata mata da ke gyara gashinta, aka gina magudanar ruwa da hannunta.

Aka gama da gada da maƙabarta, aka zo kan dokar dandaƙa. Misis Eunice ta tashi ta yi magana gajeriya, ta zauna. Wani manomi ya ce yana ganin girmanta, amma ba za a shigo masa gida a gaya masa yadda zai yi da dabbarsa ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Duk da abin da ya faru, mutanen Ansel suna nan a mutanen Ansel. Harlan ya ɗaga gudumarsa zai kira ƙuri'a, ƙamshin abinci ya riga ya kai kujerun gaba. Da Roscoe ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Nadine ta riƙe masa gefen riga da hannu biyu, ya fizge.

Ya fito gaba da Janar a igiya. Ya fara daga kakannin da suka sare dajin nan, ya bi ta yaƙe-yaƙen da bai je ba, ya sauko kan gobarar gidan katako. Ya ce laifin masu sakaci ne da ba su iya riƙe karnukansu ba, kuma ga su nan zaune yana ganinsu. Ya dubi Lyle, ya dubi matar fasto. Ya ce su zo su koyi tarbiyya a wurinsa. Sannan ya dafa kan Janar ya ɗaga murya.

"Wannan karen bai taɓa taka wajen gidana ba sai da ni. Duk wanda ya nuna mini ɗa guda na Janar a garin nan, zan cinye hular nan a gabanku, ba ruwa."

Lyle ya tashi a hankali ya nemi izinin shugaba ya leƙa motarsa. Ma'aikaciyar gidan waya ta ce ita ma. Mai famfo ya bi su. Matar fasto ta miƙe ba ta nemi izinin kowa ba. Kafin ka ce me, layi ya dawo ta ƙofa, wannan da kwali, wannan da kwandon wanki, wancan da rigar sanyi a ƙudundune. Ashe kowa ya zo da nasa ya bari a mota, ko za a buƙata. Aka sauke su a tsakiyar zaure. Wasu gajeru, wasu dogaye, wasu gashinsu buzu-buzu, wani ma ƙafafunsa ba su kai tsawon yatsa ba, amma duk jajaye ne, duk da farin kunnen hagu.

Roscoe ya ce farin kunne ba shaida ba ne, yanzu yayinsa ake yi. Janar ya dubi taron, ya ɗaga hanci sama ya ja kukansa. Zauren gaba ɗaya ya amsa, aka ja tare, aka tsinke tare da shaƙuwa. Wani daga baya ya tambaya ko a kawo wa Roscoe gishiri, ko haka zai ci hular.

In kana zaton kunya ta kama shi, to ba ka san Roscoe ba. Ya tsaya yana kallonsu, idonsa ya kawo ruwa, don Allah ya sani zuri'ar nan ita ya yi shekaru yana mafarki. Sai ya juya ya buga ƙirji. Ya ce to ga shi nan, jini ba ya ɓuya. Ya ce a wasu wurare roƙo ake yi kafin a sami irin wannan iri, su an kai musu har gida suna barci, ko godiya babu. Ya ce wa matar fasto karyarta ta yi sa'ar miji. Sai da mata biyu suka riƙe ta.

Nan Lyle ya nemi magana. Ya ce shi har yanzu yana kan bakansa, ba ya son dokar da za ta hau kan kowa. Amma taro yana da ikon gyara magana kafin a kaɗa ƙuri'a, don haka yana kawo gyara. A cire duk karnuka da kyanwoyin garin daga ciki. Dokar ta tsaya a kan duk wani jan kare namiji mai farin kunnen hagu da ke zaune a gidan ƙarshe na hanyar injin niƙa. Gida guda ne a ƙarshen hanyar injin niƙa, kuma kowa ya san na wane ne. Misis Eunice ta ce ta amince, wannan ma ya rage mata rabin aiki. Aka karɓi gyaran da ihu.

Amma da aka zo ainihin ƙuri'a, sai abin ya zama ba wasa ba. Dattawa da yawa suka ce ko Janar shaiɗan ne, gari ba shi da ikon taɓa karen mutum, in aka fara da shi ba a san inda za a tsaya ba. Harlan ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, kowa ya tsaya inda yake. Ya fara ƙirga da bakin gudumarsa, layi-layi. Tun kafin ya kai ƙarshe aka ga alamar kunnen doki za a yi, kuma a ƙa'idarmu in aka yi kunnen doki doka ta faɗi. Roscoe ya fara murmushi, ya saki igiya don ya gyara hula.

Janar bai tsaya jin sakamako ba. Ya ratsa ƙarƙashin kujeru ya nufi teburin abinci. Roscoe ya hango inda ya dosa, ya hango fuskar Nadine, ya manta da ƙa'idar Harlan. Ya tsallake kwalaye, ya taka kwandon wanki, ya isa daidai lokacin da Janar ya ɗora ƙafafun gaba a kan tebur. Ya fizge farantin talotalo ya ɗaga shi sama da hannun dama, can ƙololuwa, ya damƙi wuyan Janar da na hagu. Janar yana tsalle, romo yana gangarowa ta hannun rigar Roscoe har hammata.

Gudumar Harlan ta iso layin baya, ta tsaya a kansa.

"Roscoe, ina ganin hannu a sama."

"Mai girma shugaba, talotalo ne."

"Talotalon ba ya zaɓe a garin nan. Hannun da ke ƙarƙashinsa nake gani. An yi kunnen doki, kai ne raba gardama. In ka sauke, doka ta faɗi. In ka bar shi, ta wuce."

Roscoe ya waiga neman wanda zai karɓi farantin. Na kusa da shi duk hannuwansu na sama, kuma ba wanda ya ga dama ya motsa. Harlan, wanda mutum ne mai adalci, ya ce abin ai mai sauƙi ne. Roscoe ya gama gaya wa taro irin tarbiyyar karensa, to ya umarce shi ya zauna, sai ya sauke hannunsa lafiya.

"Janar, zauna," in ji Roscoe.

Janar ya yi tsallen da bai taɓa yi ba, ya lashi gindin faranti.

"Zauna, don girman Allah. Kai nake wa yaƙin nan, ɗan banza."

Janar ya ja da baya don ya sami wurin tashi da kyau. Hannun Roscoe ya gaji, ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Sai muryar Nadine ta taso daga kujerarta, ba ta ko ɗaga ta ba. Ita ba ta ɗaga hannu ba a ƙuri'ar, ta tsaya wa mijinta har ƙarshe.

"Roscoe, sauke ka gani."

Mutumin da tsoro bai taɓa ziyarta ba ya dubi karensa, ya dubi matarsa. Ya sake duban karen, kallo mai tsawo, irin na ban kwana. Sannan ya miƙe hannun nan sama har ya yi ɗage. Harlan ya buga guduma. Aka ci talotalo, kowa ya ce bai taɓa yin daɗi irin na bana ba, Roscoe ne kawai bai ko ɗanɗana ba.

Da aka watse, ba wanda ya koma gida da kwalinsa. Roscoe ya fito ya tarar da bayan a-kori-kurarsa cike da jikokinsa, 'ya'yan Janar, an ma lulluɓe su da bargo saboda sanyi. Safiyar da aka kai Janar wurin likita, Roscoe bai koya wa kowa riƙon allura ba. Ya zauna a mota ya kifa kai a kan sitiyari, ya yi kuka sosai, har da shaƙuwa a ƙarshe.

Bai daɗe ba ya farfaɗo. Wata safiya sai ga shi a kantin bakin gada, Janar na biye da shi da wata roba mai kama da mazurari da likita ya saka masa a wuya, yana karo da ƙofa. Roscoe ya ce a duba tarihin Ansel, ba a taɓa samun mutum guda da ya kafa doka da hannunsa shi kaɗai ba sai shi. Kuma wa ya ceci karnukan garin daga wuƙa? Shi ne, da sadaukarwa. Sannan ya buɗe rigarsa ya fito da wani ƙaton ɗan kwikwiyo, ja, mai farin kunne. Ya ce su Eunice sun makara, ga magaji nan, Janar Ƙarami, da shi da 'yan'uwansa maza duk suna gidansa, kuma nan da baɗi za a ga zuri'a.

Harlan yana gefe yana shan kofinsa. Ya ajiye kofin, ya ɗaga kunnen ɗan kwikwiyon da yatsa ya duba da kyau. Ya tambayi Roscoe ko wannan kunnen hagu ne. Roscoe ya ce ƙwarai, sak ubansa. Ya tambaya a ina ya ce suke zaune yanzu. Roscoe ya buɗe baki zai ce gidan ƙarshe na hanyar injin niƙa, sai ya tsaya da bakin a buɗe.

"Dokar ba ta ambaci sunan Janar ba," in ji Harlan. "Duk wani jan kare ta ce. Hannunka ne ya kafa ta, kai ka fi kowa sani."

Roscoe ya mai da ɗan kwikwiyon cikin riga, ya fita ba sallama. Ya isa gida yana haki, ya ce wa Nadine ta haɗa kaya, yau za su bar hanyar injin niƙa. Nadine tana tsugune tana goge fitsarin jikoki a ƙasan kicin. Ta miƙa masa tsumman, ta ce likita ya bugo waya, ya ce a kawo su gaba ɗaya da safe, kuma a taho da babban kwali.